Ranar Da Aka Saci Kunkuru

"Kwanta! Kwanta na ce, tsoho!"

Malam Sammani mai gadi bai kwanta ba. Ba taurin kai ba ne, kunnuwansa ne suka daɗe da ajiye aiki. Yana tsugune bakin famfo da buta, ya wanke ƙafar dama yana shirin ta hagu, sai ya ga bakin bindiga dab da hancinsa. Ya ɗaga kai a hankali. Mutum biyu ne a kansa, kowanne ya naɗe fuska da rawani sai idanu, a cikin zafin watan Afrilu da ko kaza ba ta yarda ta fito rana.

"Lahiya dai?" ya tambaya.

"Lahiyar ubanka! Hadi, ɗaure mini shi!"

"Oga, ka kama sunana hwa."

"Ka ga alamar shina ji ne? Ɗaure shi!"

Mai bindigar shi ne Babaji, ogan tafiyar. Bindigar ƙirar gida ce, harsashi ɗaya tal ke cikinta, amma wanda aka nuna wa ba ya tsayawa tambaya. Hadi kuwa ƙato ne mai biyayya, wanda cikinsa ya fi kansa aiki. Na ukunsu, Mati direba, yana can yana shigowa da tsohuwar akori-kura da baya ta ƙofar gidan, zufa na tsiyaya a cikin rawaninsa.

Ranar Juma'a ce, biyu saura kwata. Duk wani namiji mai ƙwari a Ƙofar Marusa ya tafi masallaci. Mati ne ya zaɓi ranar, shi ya zaɓi lokacin, don ya san gidan kamar tafin hannunsa. Gidan surukansa ne.

A tsakiyar farfajiya abin da ya kawo su yake zaune. Injiniya Abbas, yayan matar Mati, ya yi shekara biyu yana ƙera shi da hannunsa: ɗaki ne guda na ƙarfe a kan manyan tayoyi biyu, wanda mota za ta ja cikin daji da rairayi. A samansa farantan sola, a gefe tankin ruwa da murhun gas mai fitowa kamar durowa, a ciki gado da fanka da firji. Taga ɗaya ce, mai raga da murfin ƙarfe. Ƙofar kuwa ko ta banki sai haka, da sakata ciki da waje. Mutanen gidan suka sa masa suna Kunkuru, tunda da gidansa yake yawo. Abbas ya ƙera shi ne don ya kai mahaifiyarsa, Hajiya Hajo, Agadas wurin ƙanwarta da suka yi shekara ashirin ba su ga juna ba. Tsohuwa ta rantse ba ta ƙara hawa jirgi, kuma bayanta ba ya jure zaman mota.

Mati ya diro, ya haɗa ƙugiya. Ƙaras!

"Shaf-shaf, baba!" in ji Babaji. "Liman ba zai jira mu ba!"

Hadi ya gama ɗaure Malam Sammani da tiyon ban ruwa, ya zo ya ga sakatar Kunkuru ta waje a buɗe, ya tura ta don kada ƙofa ta riƙa bugawa a hanya. Tsoho ya zaro ido, ya fara mutsu-mutsu.

"Ku ji, 'ya'yana! Hajiya tana..."

Babaji ya cire masa hula ya cusa masa a baki.

"Mu fece!"

Akori-kura ta yi tari, ta yi nishi, ta ja. Kunkuru ya biyo baya lumui, ko girgiza babu. Duk haushin Abbas da Mati yake ji, sai da ya yarda a ransa cewa mutumin ya iya aiki.

Haushin kuwa ba na yau ba ne. Shekara huɗu ke nan Mati yana auren Fadila, autar gidan, kuma kowa a gidan ya san sana'arsa ita ce ɗauko motoci daga Kwatano. Shi ma ya faɗa har ya kusa yarda. A zahiri direban Babaji ne, kuma a ganinsa shi ba ɗan fashi ba ne, tunda bai taɓa riƙe bindiga ba, sitiyari kawai yake murzawa. Da aka fara maganar tafiya Agadas, Mati ya sa farar shadda ya je ya ce shi zai tuƙa. Abbas ya dube shi daga sama har ƙasa, a gaban baƙi, ya ce, "Kai? Ko baro ba na ba ka." Aka yi dariya. Mati ma ya yi. A makon ya kai wa Babaji labarin Kunkuru.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa yi masa dariya ba, Hajiya Hajo. Tsohuwar mai kara ce irin ta da. Tun ranar ɗaurin aure ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "mai gidan Fadila". Ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mai gidan Fadila ga hura nan." Shi kuma tun daga taku goma yake tuɓe takalma, ya durƙusa, ya karkatar da kai yana gaida ƙasa. Mati maraya ne, ya tashi a tasha, ba wanda ya taɓa jin kunyarsa sai ita. In Fadila ta yi yaji, tsohuwar ce ke kora ta ta koma. Wannan suna na "mai gidan Fadila" shi ne kaɗai muƙamin da ya taɓa riƙewa a duniya, kuma yana ji da shi fiye da yadda zai iya faɗa.

Ya bi lungunan da ba a tare su da sahun salla ba, ya ɓulle ta Ƙofar Ƙaura, ya ɗauki hanyar Batagarawa. Shirin mai sauƙi ne. Akwai wata gona da aka yi watsi da ita a gaban garin. Can za su ɓoye Kunkuru, su sake masa fenti, ranar Lahadi mai saye ya zo daga ƙetaren iyaka.

"Taka ta, baba!" Babaji ya buga gaban mota.

"Oga, in na ƙara takawa injin zai riga mu isa."

"Ni dai yunwa nike ji," in ji Hadi, wanda ya matse a tsakiya. "Da gaske akwai firji a ciki?"

*

A gida, Fadila ce ta fara fitowa. Kowace Juma'a tana zuwa wuni wurin mahaifiyarta. Ta ga ƙofa a wangale, ta ga Malam Sammani a naɗe da tiyo da hula a baki, ta ga wurin Kunkuru wayam. Ta ƙwalla ƙara.

Abbas ya shigo da darduma a kafaɗa, tare da maƙwabcinsa Sufeto Bashir, wanda suka yi salla sahu ɗaya. Ya tsaya cak. Darduma ta faɗi.

"Kunkuruna! Shekara biyu! Tayoyin nan daga Legas na..."

Sufeto ya zare hular daga bakin tsoho.

"Hajiya!" Malam Sammani ya yi ihu irin na kurame. "Hajiya tana ciki!"

"Cikin gida?" Abbas ya tambaya da ƙarfi.

"Cikin abin! Kwana tara ke nan, da an ɗauke wuta take shiga ta yi barcin rana, saboda hwanka. Ta ce kar in gaya maka!"

Fadila ta duba ƙasa. Ga silifas ɗin mahaifiyarta nan a jere, daidai inda matakalar Kunkuru take a da. Ta ɗauke su ta rungume, ta fashe da kuka.

Abbas ya lalubo waya. Dama ya sa wa Kunkuru na'urar da ke nuna inda yake, don gudun ɓata a hamada. Wani jan ɗigo yana rarrafe a gaban Batagarawa.

"Ga su!"

"Ta da mota," in ji Sufeto, yana kiran yaransa a waya. "Malama, ki zauna gida."

"Uwata ce," in ji Fadila, ta riga shi shiga. Tana ta kiran lambar mijinta ya zo ya taimaka, waya a kashe.

*

Gonar ba kowa, sai wata tsamiya da kangon ɗaki. Mati ya kashe mota. Tururi na tashi daga gabanta.

"An gama!" Babaji ya yi tsalle ya diro. "Kai Mati, ashe kana da amfani! Hadi, buɗe mu ga kaya!"

Hadi ya zare sakata. Kafin ya kama mariƙi, ƙofar ta buɗe da kanta.

Wata ƙafa ta fito, mai lalle. Sai carbi. Sai tsohuwa gaba ɗaya, tana gyara mayafi, tana ƙifta ido saboda rana. Maganin hawan jinin da take sha bayan azahar ba ya wasa, kuma Abbas ya yi wa Kunkuru ƙafafun da ko rami suka faɗa ba a ji. Ta dubi daji. Ta dubi mutum uku masu rawani, idanu kawai a waje.

"Ikon Allah," ta ce. "Har mun iso Agadas?"

Ta ɗaga musu hannu.

"Sannunku, Buzaye. Ina Abbas ɗin? Ko sallama bai bari na yi da mutane ba."

Abin da ya faru da Mati a wannan lokacin ba shi ya yanke shawararsa ba. Kansa yana ce masa ya tsaya ƙyam kamar sauran, fuska a rufe take, ba mai gane shi. Amma ƙafafunsa shekara huɗu suna aiki ɗaya. Ta dama ta zame takalmi. Ta hagu ta bi. Kafin ya ankara yana durƙushe a kan ƙasa mai zafi, ya karkatar da kai, yana kallon wata tururuwa.

Babaji ya juyo. "Kai! Mi kake yi haka?"

Mati ya ƙara sunkuyar da kai.

"Oga, ko aljanunshi ne sunka tashi?" in ji Hadi.

Hajiya Hajo ta dubi takalman. Ta auna tazarar da ke tsakaninsu da ido, taku goma cif. Ta dubi yadda kan ya karkata hagu. Sannan ta ga bindigar da ke hannun Babaji. Carbin hannunta ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajen mai durƙuson, yadda ta saba.

Mati ya ga wannan jan mayafin ta wutsiyar ido. An gane shi.

Babaji kuwa dariya ta kama shi. "Kai, yau take sallah! Mun zo ɗaukar akwati mun samu da zinariya a ciki! Wannan ba uwar Injiniyan ba ce? Baba, a manta da mai saye. Tsohuwar nan ta fi Kunkuru tsada. Daji za mu shiga da ita."

"Oga," Mati ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana shaƙe murya, "ba mu yi haka da kai ba."

"Da wa munka yi? Tashi ka ba mutane wuri!" Ya juya ga tsohuwa, ya ɗaga bindiga. "Hajiya, ina wayarki? Ɗanki za mu gaisa da shi."

Hajiya Hajo ta gyara mayafi. Da ta buɗe baki, tsamiya ta kalla.

"Tana ciki, ƙarƙashin matashin kai, can ƙurya. Akwai zoɓo mai sanyi cikin firjin, in wani na jin ƙishi." Ta ɗan dakata. "Ƙohwar dai a yi hankali da ita. In ta ruhe ta waje, ko Abbas sai da makulli."

Hadi bai jira ƙarshen zancen ba, ya afka ciki. Babaji ya bi shi yana zagi.

"Kai dabba, wayar za ka fara nema!"

Mati ya ɗago. Ƙofa a buɗe. Sakata na sheƙi a rana. Taku goma sha biyu, kuma dole ya gifta ta gaban surukarsa, abin da bai taɓa yi a tsaye ba.

Ya gifta a duƙe — da gudu — hannu ɗaya a ƙasa!

Garam! Ƙofa! Ƙaras! Sakata! Ya zagaya ya bugo murfin taga — ƙwal!

"Mati! Kai Mati! Buɗe, ɗan iska!"

Daram!

Ƙarar ta cika Kunkuru kamar an buga ganga. Sai kururuwar Hadi.

"Wayyo Allah! Oga ka harbe ni! Harsashin ya dawo! Wallahi a mazaunai!"

Ƙarfen Abbas ko lotsawa bai yi ba. Harsashin Babaji ɗaya tilo ya tafi inda ya fi amfani.

Mati ya tsaya yana haki. Ga daji nan a buɗe ta ko'ina. In ya cika wandonsa da iska yanzu, kafin magariba ya yi nisa, gobe war haka yana wata ƙasa. Har ya ɗaga ƙafa.

"Rana na cina," in ji Hajiya Hajo, tana gaya wa tsamiya. "Kuma ban yi la'asar a daji ba tunda nike."

Ya sauke ƙafar. Ya je ya buɗe mata ƙofar akori-kura, ya goge kujera da gefen rigarsa, ya ja da baya har ta shiga.

Tuƙin da ya yi a ranar bai taɓa yin irinsa ba. Kujera ɗaya ce a motar, ga shi ga surukarsa. Ya manne da ƙofa har rabin jikinsa na waje, ya juya fuska, yana kallon hanya da ido ɗaya. Ƙafarsa ba takalmi, feda kuwa kamar garwashi. A baya Kunkuru na ta rugugi, Babaji na tsine wa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya.

"A cire tsumman nan," in ji tsohuwa, tana kallon gilashi. "Zahi ake."

Ya warware rawanin. Iska ta bugi fuskarsa. Suka yi tafiya mai ɗan nisa.

"A yi mini rai," ya ce da sitiyari. "Wallahi ban san ana ciki ba."

"Da ba a ciki hwa?"

Ta ci gaba da jan carbinta.

Dab da shiga Batagarawa suka yi kiciɓis. Jif ɗin Abbas a gaba, motar 'yan sanda a baya, jiniya na kuka. Ƙiii! Birki ta ko'ina!

"Kar ka motsa! Hannu sama!"

Mati ya fito hannu a sama. Fadila ta ƙwalla kira.

"Kar ku harba! Mijina ne!"

Ta ruga ta rungume mahaifiyarta, ta durƙusa ta sa mata silifas, tana kuka tana dariya. Abbas ya dubi uwarsa lafiya lau, ya dubi Kunkuru ba ko ƙwarzane, ya ji masu ihu a ciki. Ya haɗa lissafinsa, ya samu amsar da ba ita ba. Ya rungumi Mati har ya ɗaga shi sama.

"Kai ka bi su? Kai kaɗai? Ka yahe mini, ɗan'uwa! Wallahi kai za ka tuƙa mu Agadas!"

Fadila ta dubi mijinta da wani irin kallo da bai taɓa samu ba tun suna amarci. Mati ya ji daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, tsoro na biye da shi. Ashe abin zai iya wucewa haka? Bakin tsohuwa ne kawai ya rage ya yi shiru.

Aka zare sakata. Babaji ya fito da ankwa yana kumfar baki, Hadi a bayansa dafe da mazaunai, leɓensa ja wur da zoɓo.

"Ga shi nan! Shi ya kawo aikin! Shi ne direbanmu, shekara ukku!"

"Rufe mana baki, ɓarawo!" in ji Abbas. "Sharri za ka yi mashi don ya kama ka?"

Sufeto Bashir ya matso. Ya dubi ƙafafun Mati. Ya leƙa akori-kura, ya ɗauko rawani da ɗan yatsa, ya gwada shi da na wuyan Babaji. Yadi ɗaya ne. Ya tako gaban tsohuwa, ya rusuna.

"Hajiya, sannu da wahala. Malam Sammani ya ce mutum ukku sunka shiga gidan. Ga biyu. Kin ga na ukkun?"

Masu babura da suka taru suka kashe injuna.

Hajiya Hajo ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta. Mati ya riga ya durƙusa a gefen kwalta ba tare da ya sani ba, kai a karkace.

"Wanda ya ruhe ƙohwar nan ya hisshe ni, a rubuta wannan," ta ce. "Ya kuma maido ni da kanshi, alhali ga daji. A rubuta."

"An rubuta, Hajiya. Na ukkun hwa?"

Tsohuwa ta saki gefen mayafin da take karewa da shi. Ta juyo gaba ɗaya, ta dube shi ido cikin ido, karo na farko a shekara huɗu.

"Mati," ta ce. "Tashi ka bi su."

Fadila ta dafe ƙirji. Ba ankwar da ake ciro wa ta kalla ba, bakin mahaifiyarta ta kalla, don ta san abin da kiran sunan yake nufi tun kafin kowa ya gane: surukuta ta ƙare. Hannun Abbas ya zame daga kafaɗar Mati a hankali.

Babaji ya samu shekara goma sha huɗu. Hadi ya samu goma, kuma har yau a karkace yake zama. Mati ya samu biyar, saboda abin da tsohuwa ta sa aka rubuta. Bai cika wata uku a ciki ba alƙali ya raba aurensa da Fadila. Da kaka Kunkuru ya tafi Agadas, Abbas na tuƙi, ya dawo lafiya.

Abokan zamansa a gidan yari sun ce ba ya maganar shekarun, ba ya maganar Babaji. Abu ɗaya yake maimaitawa in hira ta yi hira: duk tsawon zamansu bai san tsohuwar ta san sunansa ba.